Ɗan Hakin da Ka Raina: Kwal, Wutar Lantarki da Rayukan Mahaƙa a Tarihi

Gabatarwa

Mu mutanen ƙasar Gaya, har da Ajingi da ƙauyukanta, ba baƙi ba ne ga sha'anin tonon ƙasa domin neman arzikin da ke cikinta. Tarihin da muka gada kaka da kakanni ya nuna cewa daga Gaya maƙeran Abagayawa suka tashi suka sauka gindin Dala neman tama, har ma ana cewa sunan ɗaya daga cikinsu, wato Kano, shi ne ya bi birnin. Sai dai wutar da waɗancan maƙera suka narka tama da ita ta gawayin itace ce. Akwai kuma wani baƙin dutse da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa, mai ci da wuta fiye da gawayin ƙirya, wanda ake kira kwal. Ba a taɓa haƙar sa a yankinmu ba, amma ya yi shekaru kusan hamsin yana ɗauke da arzikin iyayenmu zuwa bakin teku. Wannan maƙala za ta bi sawun dutsen nan zuwa ramukan da ya fito, domin mu ga yadda 'yar wayar lantarki da lalataccen inji suka riƙa cinye rayukan masu haƙar sa, da kuma abin da hakan ke gaya mana a yau.

Gyadarmu da Baƙin Dutse

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun zaci auduga za su kwasa, sai manoman ƙasar Kano suka ga gyada ta fi riba, suka duƙufa a kanta. Daga nan ne jakuna da raƙuma, daga bisani kuma manyan motoci, suka shiga jigilar buhunan gyada daga gonakin gabashin Kano zuwa kanti da sikeli. A 1930 aka kammala reshen da ya tashi daga Kano zuwa Nguru ta Ringim, tasha ta ƙara matso mu. Dattawanmu na Toranke da Balare da Gafasa da Kunkurawa sun san kuɗin gyada: da shi aka biya haraji, da shi aka yi aure, da shi wasu suka sauke farali.

To, amma me ke jan jirgin? Kan jirgin wancan zamani tukunya ce ta tafasasshen ruwa, tururinta ke tura ƙafafun, abin da ake zuba mata kuwa kwal ne. A shekarun farko daga Birtaniya ake kawo shi ta jirgin ruwa. Yankin da ya fi suna wajen kwal ɗin tukunyar jirgi shi ne kudancin Wales, inda a 1913 haƙar ta kai ƙololuwarta. A wannan shekarar da gyadar Kano ke cika tasha, a can Wales aka yi haɗarin ramin kwal mafi muni a tarihin Birtaniya.

Abin da ke Cikin Rami

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san maƙiyan da mahaƙi ke zaune da su a ƙarƙashin ƙasa. Na farko wata iskar gas ce mai suna metan, wadda ke tsattsafowa daga jikin kwal. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan yawanta a cikin iska ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, tartsatsi ɗaya ya isa ta fashe. Na biyu ƙurar kwal ce da ke kwanciya a rufi da bangon rami. Da zarar gas ya fashe sai ya tayar da ƙurar, ita ma ta kama, wutar ta bi hanyoyin ramin tana ciyar da kanta. Na uku shi ne gurɓatacciyar iskar da ke biyo bayan gobara, mai ɗauke da gubar kabon monoksaid, wadda ke sa mutum kasala da barci har ya cika bai sani ba.

Tun 1815 Humphry Davy ya ƙirƙiro fitilar da aka kewaye harshen wutarta da ragar ƙarfe, domin kada ta kunna gas. Da wutar lantarki ta shiga ramuka a ƙarshen ƙarni na 19, an karɓe ta hannu bibbiyu, domin ta kawo haske da fanka da injin jan ruwa da na yankan kwal. Amma ta zo da nata hanyoyin kisa guda uku. Takan yi tartsatsi ta kunna gas. Takan ja mutum, musamman da yake ƙasan rami jiƙe yake, jikin mahaƙi sharkaf da gumi, kuma wayar da inji ke ja a bayansa na yawan yagewa. Sa'an nan takan kashe ta hanyar ɗaukewa, domin idan fanka ta tsaya gas ya taru, idan injin jan ruwa ya tsaya rami ya cika.

Ƙararrawar Senghenydd

Senghenydd ƙaramin gari ne a arewacin birnin Cardiff, wanda ya rayu a kan rami guda mai suna Universal. A watan Mayu na 1901 gas ya fashe a ramin, mutum 81 suka mutu. Wannan ya isa gargaɗi. Bugu da ƙari, majalisar Birtaniya ta yi dokar ramukan kwal a 1911, wadda ta wajabta wa kowane kamfani ya gyara fankarsa yadda za a iya juya akalar iska idan gobara ta tashi, domin a janye hayaƙi daga inda mutane suke. Kamfanin Senghenydd ya nemi ƙarin lokaci, aka ba shi har zuwa watan Satumba na 1913. Wa'adin ya cika bai kammala ba.

A cikin ramin akwai ƙararrawar da ake yi wa mai kula da injin jan taragun kwal ishara da ita. Wayoyi biyu ne tsirara, ba rufi, aka shimfiɗa a gefen hanya, batir ke ba su wuta. Duk mai son a ja ko a tsaya sai ya haɗa wayoyin biyu, ko ya gitta musu wuƙa ko wani ƙarfe, ƙararrawa ta kaɗa. Wutar ba ta da ƙarfin da za ta ja ko da yaro, saboda haka ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai.

Ranar 14 ga Oktoba, 1913, da misalin ƙarfe takwas na safe, mutum kusan 950 na ƙarƙashin ƙasa, sai ramin ya fashe. Ƙurar kwal ta kwashi wutar ta ratsa ɓangaren yamma, waɗanda wuta ba ta cim musu ba guba ta same su a inda suka fake. Mahaƙa 439 suka mutu, da mutum guda daga cikin masu aikin ceto. Takwas daga cikinsu yara ne 'yan shekara 14. Mata fiye da 200 suka shiga takaba, yara fiye da 500 suka zama marayu, a gari guda, a safiya guda.

Binciken da babban sufeton ramuka Richard Redmayne ya jagoranta bai iya yanke hukunci kai tsaye a kan mafarin wutar ba, amma zargi mafi ƙarfi ya faɗa a kan tartsatsin wayar ƙararrawa. Da aka je kotu, an ci manajan ramin tarar fam 24, kamfanin kuma fam 10 da kuɗin shari'a. Idan aka raba tarar manajan a kan waɗanda suka mutu, ran kowane mahaƙi bai kai sule da ahu ba.

Ilmin da Aka Saya da Rayuka

Bayan wannan musiba gwamnati ta sa wani masani, Dakta R. V. Wheeler, ya gwada irin waɗannan ƙararrawa. Ya gano cewa naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin ƙararrawa tana tara ƙarfi, kuma a daidai lokacin da aka raba wayoyin biyu sai ƙarfin ya fito a tartsatsi guda mai zafin da zai kunna gas, duk da ƙanƙantar batirin. Shi da Farfesa W. M. Thornton na Newcastle suka nuna yadda za a ƙera na'urar ta yadda tartsatsinta ba zai taɓa kai wannan zafi ba, ko da ta lalace. Wannan ƙa'ida ita ake bi har yau a matatun mai da tashoshin gas na duniya.

Sauran matakan su ma haka aka same su, kowanne bayan an binne mutane. Manyan injina aka kulle su cikin akwatin ƙarfe mai kauri, wanda ko wuta ta tashi a cikinsa ba za ta fito ba. Aka wajabta haɗa jikin kowane inji da waya ta musamman mai kai wuta ƙasa, domin idan waya ta yage ta taɓa ƙarfe, wutar ta bi ta can maimakon jikin mutum. Aka ƙera makunnin da ke yanke wuta da kansa da zarar ta fara zurara. Aka riƙa barbaɗa garin farin dutse a hanyoyin rami domin ya kashe kaifin ƙurar kwal. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, amma a tarihin kwal sai da aka sha ɗacin maganin kafin a yarda da rigakafin.

Kwal Ɗinmu na Inugu

A nan gida, an gano kwal a yankin Udi a 1909. Aka fara haƙa a 1915, aka haɗa wurin da sabuwar tashar jirgin ruwa ta Fatakwal da dogo a 1916, aka buɗe ramin Iva Valley a 1917. A gindin waɗannan tuddai garin Inugu ya tsiro. Da farko ta teku ake kai kwal ɗin Ikko, sa'an nan ya hauro Arewa. Da dogon gabas ya haɗu da Kaduna a 1927, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, sai ya riƙa zuwa kai tsaye. Daga nan, jirgin da ke kwashe dalar gyada a Kano a wancan zamani da gumin mahaƙan Inugu ya riƙa tafiya.

Ramukan Inugu ta gefen tudu ake shiga su, kuma ba su taɓa ganin fashewa irin ta Senghenydd ba. Nasu wahalhalun daban ne: zafi, ƙarancin iska, ruwa, ruftawar rufi, da taragun da ke kuɓucewa a kan gangara. Da yawa daga ma'aikatan farko tilasta su aka yi ta hannun sarakunan da Turawa suka naɗa, irin su Onyeama na Eke. Da diga da shebur suke aiki, galibi ba takalmi. A 1949 suka shiga jan ƙafa a wurin aiki a kan haƙƙoƙinsu, hukuma ta tura 'yan sanda su kwashe nakiyoyin da ke ma'ajiyar ramin. Ranar 18 ga Nuwamba, a Iva Valley, wani jami'in ɗan sanda Bature mai suna F. S. Philip ya ba da umarnin harbi. Mahaƙa 21 suka mutu, 51 suka ji rauni. Kisan ya girgiza ƙasar, ya ƙara wa masu neman 'yanci ƙaimi, aka kafa kwamitin bincike na Fitzgerald, a 1950 kuma aka miƙa ramukan ga sabuwar Hukumar Kwal ta Nijeriya.

Haƙar ta kai kimanin tan dubu 900 a shekara wajen 1958 zuwa 1959, lokacin da tashar lantarki ta Oji River, wadda aka buɗe a 1956, ke ƙona kwal. Daga nan sai koma-baya. Hukumar jiragen ƙasa ta koma kawunan jirgi masu shan man dizal, madatsar Kainji ta fara ba da wuta a 1968, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa aka bar ramukan ruwa ya cinye su. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta ɗauko kamfanin Kopex na ƙasar Poland ya girka injinan zamani a ramukan Onyeama da Okpara. Injinan ba su dace da yanayin dutsen Inugu ba, ruwan ramin mai tsami ya riƙa cin ƙarfen famfuna, yawan ɗaukewar wuta kuma ya sa ruwa na malale wuraren aiki. Zuwa farkon shekarun 2000 haƙar kwal a Inugu ta tsaya. Injin da aka sayo ba tare da an auna wurin da zai yi aiki ba, da wutar da ba ta tsayawa, suna cikin abubuwan da suka durƙusar da sana'ar da ta haifi birni guda.

Darasin da Aka Sake Mantawa

Kada mai karatu ya ɗauka bayan 1913 an gama da matsalar. Sanin doka daban, bin ta daban. Ranar 18 ga Satumba, 1959, a ramin Auchengeich kusa da Glasgow, bel ɗin wata fankar lantarki da ke can ƙarƙashin ƙasa ya riƙa zamewa yana gogar ƙarfe har ya kama da wuta. Hayaƙin ya tari taragun da ke shigar da ma'aikatan safe. Mutum 48 ke ciki, ɗaya kaɗai ya fita da rai. Na'urar da aka girka domin ta ba su iska ita ce ta tura musu ajali.

A nahiyarmu kuwa, akwai ramin Hlobane a Afirka ta Kudu. Ranar 12 ga Satumba, 1944, fashewar gas ta kashe mutum 57 a wurin. Shekara 39 cif bayan haka, ranar 12 ga Satumba, 1983, ramin ya sake fashewa, mutum 68 suka mutu. Bincike ya nuna cewa daga cikin injinan lantarki 29 da ke sashen, 14 ba su cika sharaɗin akwatin hana fitar wuta ba. Ya kuma nuna cewa kimanin mako guda kafin haɗarin wani ma'aikaci ya rubuta rahoton ganin gas, wani na gaba da shi ya sa aka soke rubutun. Tarar da aka ci kamfanin rand 400 ce. Sabuwar ƙungiyar mahaƙa baƙar fata, wadda babban sakatarenta shi ne Cyril Ramaphosa, mutumin da ya zama shugaban ƙasar a 2018, ta tsaya tsayin daka a zaman binciken, ta sa duniya ta ji abin da aka so a rufe.

Idan muka jera Senghenydd da Hlobane, shekara 70 a tsakaninsu, za mu ga zane ɗaya. Kowanne ya taɓa yin haɗari a baya. A kowanne akwai doka a rubuce. A kowanne akwai lahanin da wani ya sani, aka ga gyaransa zai ci kuɗi ko ya tsayar da aiki, aka ce a bari sai gobe. A kowanne kuma tarar ba ta kai kuɗin gyaran ba.

Abin da Ya Ci Doma

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Ajingi da ramin kwal? Da farko dai kwal bai yi nisa da mu ba: an buɗe mahaƙar Maiganga a jihar Gombe domin kamfanin simintin Ashaka, a Jamhuriyar Nijar kuma kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 ya shiga haƙar kwal kusa da Agadas domin samar da lantarki. Amma abin da ya fi wannan kusa shi ne, wutar da ta kashe mahaƙa yanzu tana cikin ɗakunanmu. 'Yan uwanmu na aiki a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa. Wasu na da shaguna a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, kasuwar da gobara ta cinye dubban shagunanta a 2016. Wasu masu walda ne, wasu masu injin niƙa, wasu masu cajin waya, a Legas da Abuja da Fatakwal. Mu ne kuma ke aika janareto da batirin sola da injin burtsatse gida, mu ne ake nema idan za a yi wayarin makaranta ko asibitin gari.

Wutar gida mai ƙarfin bolt 230 ta ninka ta ƙararrawar Senghenydd sau da yawa. Wanda ya ɗaura zaren waya a madadin fis ɗin da ya ƙone, ya cire mai gadin da aka sa ya mutu a madadinsa. Wanda ya yi wayarin gida bai binne sandar da ke kai wuta ƙasa ba domin ya rage kuɗi, ya mai da jikin iyalinsa hanyar da wutar za ta bi, musamman da damina. Hayaƙin janareton da aka kunna a zaure ko a shago a rufe, da na garwashin da ake kwana da shi a ɗaki lokacin hunturu, gubar nan ce dai da ta bi mahaƙan Wales har inda suka ɓuya. Kuma yaron shago da ya ce wa maigidansa injin nan yana ja, matsayinsa ɗaya da ma'aikacin Hlobane da ya rubuta rahoton gas. Abin da ya rage shi ne ko za a saurare shi, ko za a soke maganarsa.

Saboda haka muna kira ga masu hali a cikinmu, duk aikin wuta da za a kai gida a ware kuɗin ƙwararren mai wayarin da na ingantacciyar waya tun a lissafin farko, a kuma san wanda zai riƙa duba kayan bayan an yi bikin buɗewa an watse. Masu shaguna da masana'antu su sani cewa ran yaron da iyayensa suka damƙa musu daga ƙauye amana ne a wuyansu. Matasanmu kuma da ke koyon aikin lantarki su koye shi har ƙarshe, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Kammalawa

Mun yi imani kowa da ranarsa, amma imani da ƙaddara bai taɓa zama izinin sakaci ba, kuma wanda ya ga yagaggiyar waya ya wuce, akwai tambaya a kansa. Mahaƙan Senghenydd da na Inugu da na Hlobane ba su san sunan garinmu ba, mu ma ba mu san sunayen mafi yawansu ba. Duk da haka wasunsu sun tono abin da ya kai amfanin gonarmu kasuwa, wasu kuma da rayukansu aka rubuta ƙa'idojin da ke kare mu a duk lokacin da muka taɓa makunni. Mafi ƙarancin haƙƙinsu a kanmu shi ne mu yi aiki da abin da mutuwarsu ta koyar. Allah Ya kare mu da iyalanmu, na gida da na birni, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.